Gaz ba ya shiga tiya: yadda ake auna shi

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A kasuwar Dungas, mai sayen hatsi yana tsaye ake cika masa tiya. In ba ta yi tozo ba, zai yi magana. Mai sayen man gujiya yana ganin inda man ya tsaya a wuyan kwalba. Mai sayen yadi yana kallon hannun ɗan kasuwa.

To, ga wata haja ta shigo wadda ido bai san kimarta ba. Ita ce gaz na dahuwa. Yana cikin tukunyar ƙarfe, wadda wasu ke ce wa buteli. A rufe ake kawo ta, a rufe ake biyan kuɗinta. Uwar gida ba ta ganin abin da ta saya. Sai ranar da wuta ta mutu a ƙarƙashin tuwo take sanin ya ƙare.

Duk da haka gaz yana da awo, kuma awon nasa ba shi da wuyar koyo. Wanda ya iya karanta lamba daga 1 zuwa 100 ya iya shi.

Gaz iri biyu ne

Akwai gaz na tukunya, akwai gaz na bututu. Sunansu ɗaya, halinsu ya bambanta.

Gaz na tukunya shi ne wanda aka sani a Dungas, Magarya, Waca da Guci. Wajen tace ɗanyen mai ake samun sa. A Nijar, matatar SORAZ ce ke fitar da shi. Tana kan hanyar Tanut, kamar kilometir 50 arewa da Damagaram. An buɗe ta ranar 28 ga Nuwamba, 2011, domin ta tace ganga 20,000 a rana. Ɗanyen man yana zuwa mata daga Agadem, cikin jihar Difa, ta bututu mai tsawon fiye da kilometir 460. Daga matatar manyan motoci ke kwasar gaz zuwa wuraren da ake ɗura shi a tukwane.

Wannan gaz, in an matse shi, sai ya koma ruwa. Shi ya sa in an jijjiga tukunya ake jin abu yana motsi a ciki. Da an buɗe masa hanya, sai ruwan ya koma iska, iskar ce ke kamawa da wuta. Lita guda ta ruwan tana ba da iska kamar lita 250.

Gaz na bututu kuwa, daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa a matsayin iska. Matsi kaɗai ba ya mai da shi ruwa. Sai an sanyaya shi da wani irin sanyi wanda ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba, digiri 162 ƙasa da sifiri. A Boni, kudancin Najeriya, haka ake yi masa tun 1999, a zuba shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashen waje. In ba haka ba, sai a tura shi cikin bututu zuwa injinan wutar lantarki, da masana'antun taki, da gidajen manyan birane. Bai zo ƙauyukan Dungas ba. Amma yana kusantowa: a shekarar 2020 Najeriya ta fara aikin bututu mai kilometir 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano. Kano kuwa ba baƙon gari ba ne ga mutumin Dungas.

Abin da ya hana a auna shi kamar hatsi

Tiyar hatsi da safe, tiya ce da rana. Lita ɗaya ta ruwa a hunturu, lita ɗaya ce a bazara. Gaz ba haka yake ba. Yana kumbura, yana tsukewa.

Zafi yana kumbura shi. Duk mai babur ya san abin da ke samun tayar da aka cika da iska, aka bar ta a rana cikin watan huɗu. Ba wanda ya ƙara mata iska, amma ta yi tauri, wani lokaci har ta fashe. Masana sun auna wannan. Gaz da ya cika ma'auni 10 da sanyin safiyar hunturu, lokacin da awon zafi yake 15, zai cika ma'auni 11 in zafi ya kai 45. Gaz ɗin bai ƙaru ba. Abincin da zai dafa bai ƙaru ba. Wuri kawai ya ƙara ci.

Matsi kuma yana tsuke shi. A nan halinsa ɗaya da auduga. Audugar da ta cika buhu biyu, in an danna ta da ƙafa sai ta shiga buhu guda. Haka gaz: in an ninka matsi, wurin da yake ci sai ya koma rabi. Manomi ba ya yarda a sayi audugarsa da buhu, sai da sikeli. Dalilin ke nan.

Saboda haka in mutum ya ce "lita ɗari ta gaz", bai gama magana ba. Sai ya faɗi zafin da aka auna ta a cikinsa, ya kuma faɗi matsin.

Kwantar na bututu

Gaz na bututu ba a iya ɗora shi a sikeli, domin tafiya yake yi dare da rana. Sai a sa masa kwantar, irin wanda ke jikin famfon gari. Masu kula da famfo a ƙauyuka sun san shi: ruwa yana wucewa, lamba tana juyawa. Abin da yake ƙirgawa sunansa metir-kub. Metir-kub guda lita 1,000 ne, wato tano 5 masu lita 200, ko bido 40 masu lita 25.

Kwantar na gaz tsoho ne. Wani Bature mai suna Samuel Clegg ya ƙera irinsa a Ingila a shekarar 1815, lokacin da ake kunna fitilu da gaz na gawayin ƙasa. Wanda ake sa wa gidaje a yau, cikinsa kamar zugazugin maƙeri yake. Akwai jakunkuna biyu. Ɗaya tana cika, ɗaya tana fitarwa. An san abin da kowace jaka take ɗauka. Duk cikawa da fitarwa sai ta tura haƙorin ƙarfe, lamba ta matsa gaba.

A manyan bututu zugazugi ba ya isa. Wani wuri ana sa farfela a cikin bututun. Gaz yana kaɗa ta, ana ƙirga juyinta. Wani wuri ana gitta faifan ƙarfe mai huda a tsakiya, a auna matsi kafin hudar da bayanta, daga nan a gane yawan abin da ke wucewa. Sabon yayi shi ne na sauti. Ana aika wata ƙara, wadda kunne ba ya ji, ta bi gaz ɗin, a sake aika wata ta yi gaba da shi. Wadda ta bi shi tana riga isa, kamar yadda kiran mutum yake saurin kai wa in iska tana bayansa. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ke nuna gudun gaz.

Amma duk waɗannan, lambar da suka bayar ɗanya ce. Dole a dafa ta. Kusa da kowane babban kwantar akwai ma'aunin zafi da ma'aunin matsi, da ƙaramar kwamfuta mai yin lissafi. Aikinta shi ne ta amsa tambaya guda: da a ce wannan gaz yana cikin zafi 15, kuma ba wani matsi a kansa sai na iskar duniya a bakin teku, metir-kub nawa zai cika? Wannan shi ne mudun da ƙasashe da yawa suka yarda da shi. Da shi ake rubuta takardar kuɗi. In babu shi, mai sayarwa zai so a auna da tsakar rana, mai saye ya so a auna da asuba, rigima ba za ta ƙare ba.

Akwai kuma abu na ƙarshe. Gaz ma yana da tsaba, yana da ƙaiƙayi. Wani yana gauraye da iskar da ba ta cin wuta. Don haka manyan masu saye sukan ɗebi kaɗan su gwada, su ga zafin da metir-kub guda zai bayar. Ƙarfin wutar suke biya.

Wannan awo ya fi tsanani a kan iyakar ƙasashe. Akwai bututu mai kilometir 678 da ke kai gaz na Najeriya zuwa Benin, Togo da Gana. Duk inda gaz ya fita daga hannun wani ya shiga hannun wani, akwai tashar awo. Nijar ma maganar ta shafe ta. A shekarar 2009 a Abuja, da kuma 2022 a birnin Aljas, Nijar da Najeriya da Aljeriya sun sa hannu kan shirin bututun da zai ratsa Sahara, mai tsawon fiye da kilometir 4,000. An tsara ya ɗauki metir-kub biliyan 30 a shekara. In kwantar ya yi kuskuren kashi 1 cikin 100 kacal, an yi asarar lissafin metir-kub miliyan 300 ke nan. Ƙasar da ba ta da ƴaƴanta masu iya karanta irin wannan kwantar, abin da aka gaya mata shi za ta karɓa.

Dattawa sun san wannan magana

Wannan ba sabon darasi ba ne a ƙasar Magarya. Zamanin cinikin gujiya, manomi yakan kawo buhunansa, mai awo ya ɗora a sikeli, ya faɗi lamba. Manomi ba ya iya karantawa. Abin da aka ce masa, shi ke nan. A shekarun 1960, manoman Magarya da Matameye suka shiga ƙungiyoyin haɗin kai na UNCC. Aka zaɓi ƴan ƙauye suka koyi riƙe sikeli da rubuta lamba a takarda. Mutane da yawa don wannan suka shiga yaƙi da jahilci. Gujiya ta ja baya, amma sikeli yana nan. Yau tukunyar gaz ce ke bukatarsa.

Tukunya sai sikeli

Gaz na tukunya da kilo ake sayar da shi. Wannan daidai ne, domin nauyi ba ya kumbura. Kilo 6 a hunturu, kilo 6 ne a bazara. Tukwanen da aka fi gani su ne mai kilo 3, mai kilo 6, da mai kilo 12 da rabi. Wannan lambar nauyin gaz ɗin ce kaɗai, ban da ƙarfen.

Ita tukunyar tana da nata nauyin. An rubuta shi a jikinta, ko a wuya, ko a mariƙi, ko a gindi. Sau da yawa akwai kalmar TARE ko harafin T a gabansa. Tukwane ba nauyinsu ɗaya ba, ko da girmansu ɗaya ne. Don haka kowace tukunya a duba tata lambar.

Ga yadda ake karanta ta. In an ga 8,2 to kilo 8 ne da giram 200. Lambar da ke bayan waƙafi, kowace ɗaya giram 100 ce. In an ga 8,5 kilo 8 da rabi ke nan. A Najeriya ɗigo suke sawa a maimakon waƙafi, ma'anar ɗaya ce.

Sai a haɗa biyun. Tukunya mai kilo 6 wadda aka rubuta wa 8,2 in tana cike sikeli zai nuna 14,2. In ya nuna 14,1 ko 14,3 babu laifi, sikeli ma yakan ɗan yi gardama. In ya nuna 13,7 kuwa, rabin kilo ya ɓace. Kafin a ɗora tukunya, a tabbata allurar sikeli tana kan sifiri. A cire murhun da ake ɗaurawa a kan ƙaramar tukunya, domin nauyinsa ba ya cikin lissafi. A duba hatimin roba da ke bakinta, a ga ba a taɓa shi ba.

A wuraren lodi na manyan motoci ma dabarar ke nan. Mota takan hau babban sikeli ba kaya, ta sake hawa da kaya. Abin da ke tsakani shi ne gaz.

Waɗanda ke ƙetarawa Maigatari ko Babura sun ga wani tsari dabam. A Najeriya mutum yakan kai tukunyarsa, a ɗura masa kilo 2 ko 3 gwargwadon kuɗinsa. A nan sai a karanta sikeli sau biyu, kafin ɗuri da bayan ɗuri, a gaban mai tukunya.

Rabin kilo ba ƙaramin abu ba ne

Bayan da matatar Damagaram ta fara aiki, gwamnati ta tsaida kuɗin gaz a kan dala 60 kilo guda. Tukunya mai kilo 6 ta kama jikka guda da dala 160. Mai kilo 12 da rabi ta kama jikka 3 da dala 150. A ƙauye akan ƙara kuɗin mota, lokacin ƙaranci kuma ƴan kasuwa sukan ɗora nasu. Mai saye ya tambayi kuɗin da hukuma ta tsaida a lokacin da yake saye.

A ɗauki wancan farashi a yi lissafi. Rabin kilo dala 30 ne. Wani zai ce dala 30 ba ta kai a ɓata da mai kanti ba. To, gidan da ke sayen tukunya guda kowane wata, in kullum rabin kilo ya ɓace, a wata 12 kilo 6 ya tafi. An biya tukunya 12, an dafa abinci da 11.

Asarar ba ta tsaya a kuɗi ba. Matar da gaz ya yanke mata kafin lokaci sai ta ce abin nan ba shi da auki, ta koma ga itace. Itacen kuwa daga gona zai fito. Tun shekarun 1980 manoman Magarya, Matameye da Mirya suka koma barin ƴaƴan gawo suna girma a gonakinsu, har labarin ya kai ƙasashen waje. Gawo taki ne ga gona, abinci ne ga dabbobi. Kowace tukunyar da ta cika awo tana rage wa gawo gatari.

Ba kowace ragowa ce ha'inci ba. Wani lokaci bakin tukunya ne ke yoyo a hanya. Wani lokaci injin ɗuri ne ya kauce. Mai kanti a Dungas ba shi ya ɗura ba, yadda aka kawo masa haka ya ajiye. Shi ya sa sikeli yake amfanin kowa. Mai kantin da ke auna kaya ranar da mota ta sauke su ya tsare kansa, ya tsare masu sayensa. Wanda ke tauye awo da gangan kuwa, malamai sun sha karanta masa hukuncinsa a Suratul Muɗaffifina.

Wadda ta wuce awo ta fi haɗari

Wani in ya ga sikeli ya nuna fiye da lissafi sai ya yi murna, ya ce ya samu gyara. Ba gyara ba ce. Da gangan ake barin fili a cikin tukunya, kamar kashi ɗaya cikin biyar, domin ruwan gaz ya samu wurin kumbura in zafi ya tashi. Tukunyar da aka cika maƙil, in rana ta buge ta, ba inda ruwan zai je. Sai ta yi yoyo ko ta tsage. Wannan yakan faru wurin masu juye gaz daga babbar tukunya zuwa ƙarama a bayan shago, ba sikeli. Irin wannan tukunya a mai da ta nan take.

Gaz na tukunya ya fi iska nauyi. In ya zuba ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasan ɗaki yana jiran ashana. Asalinsa ba shi da wari. Ana zuba masa wani abu mai ɗoyi don hanci ya gane shi. In an ji warin, a rufe tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a kunna komai. Wurin yoyo da ruwan sabulu ake neman sa: inda ya yi kumfa, nan ne. Tukunya a tsaye ake ajiye ta, a inuwa.

Nawa ya rage?

Ana sayar da wani ɗan agogo mai allura da ake ɗaurawa a bakin tukunya. Matsi yake nunawa. Muddin akwai sauran ruwan gaz a ciki, ko da ɗan kaɗan ne, matsin kusan ɗaya ne da na cikakkiyar tukunya. Zafin rana ne ke ɗaga allurar, sanyi ya sauke ta. Sai gaz ya zo ƙarewa take faɗuwa gaba ɗaya. Kada a dogara da ita.

Akwai dabarar da ba ta cin kuɗi. A kashe wuta, a zuba ruwan ɗumi a gefen tukunya daga sama zuwa ƙasa, sannan a shafa da hannu. Inda babu gaz ƙarfen zai yi ɗumi. Inda ruwan gaz ya fara zai yi sanyi. Wannan kintace ne. Mai son tabbaci ya koma ga sikeli, ya cire nauyin tukunya daga abin da ya gani.

Shi kansa sikeli yana bukatar mai duba shi. A Nijar, hukumar ANMC ce ke kula da ingancin ma'aunai, hukumar ARSE kuma tana sa ido kan harkar makamashi. Amma Yamai da nisa. A ƙauye ana iya gwada sikeli da ruwa: lita guda ta ruwa kilo guda ce. A auna bido ba komai a ciki, a zuba masa lita 10 daidai, a sake aunawa. In bai ƙaru da kilo 10 ba, sikelin yana da magana. Ƙungiyar mata ko cibiyar karatu tana iya haɗa kuɗi ta sayi sikelin rataye guda, mai ɗaukar kilo 50, kowa ya riƙa amfani da shi. Wanda ya samu ragowa mai yawa ya fara komawa wurin mai kanti da shaida. In ba a daidaita ba, a kai maganar ofishin magajin gari.

Lissafi domin ɗaliban cibiya

An rubuta 13,4 a wuyan wata tukunya mai kilo 12 da rabi. Ranar da aka sayo ta, sikeli ya nuna 25,9. Bayan kwana 20 ana dahuwa da ita, aka sake aunawa, ya nuna 17,9. Tukunyar ta cika awo ranar da aka sayo ta? Kilo nawa aka ƙona cikin kwana 20? Kilo nawa ya rage? In aka ci gaba da dahuwa kamar yadda aka saba, sauran kwana nawa mai gida ya tanadi kuɗin wata?